"Mushe, su ma suna da aljanna ne?"

A bara na je duba wani ɗalibinmu na ekol normal da ke gwajin koyarwa a wata lakwal ta firamare, ajin CM1. A ranar wata yarinya, ɗiyar Kiristoci, ta dawo aji bayan kwana huɗu, saboda ƙanenta ya rasu. Ana tsakiyar lissafi sai wani yaro da ke bayanta ya ce, da muryar da kowa ya ji, ai ƙanen nata yana wuta. Ɗalibin nawa ya buga tebur, ya ce a yi shiru, ya koma kan allo. Yarinyar ta kifa kanta har aka tashi.

Da muka fito na tambaye shi me ya hana shi ce mata wani abu. Ya yi jim, sannan ya ce: "Mushe, wallahi ban san abin da zan faɗa ba. Su ma suna da aljanna ne?"

Ban yi masa faɗa ba. Ni Musulmi ne, na yi aji ɗaya da Kiristoci tun ina yaro, amma sai da na kusa shekara arba'in na zauna na tambayi abokan aiki, na kuma karanta, kafin in iya amsa wannan tambaya. Ra'ayina shi ne duk wanda za a damƙa wa aji a ƙasar nan ya kamata ya iya amsa ta.

Kiristoci sun yi imani da rai madawwami bayan mutuwa, da tashin matattu da jiki, da ranar shari'a. A Hausarsu sun fi cewa "sama" ko "Mulkin Sama", wani lokaci "Firdausi". Hoton da muke gani a fim, na mutane masu fukafukai zaune kan gajimare, ba daga littafinsu ya fito ba. Littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, Ru'ya ta Yohanna, ya siffanta wani birni da ke saukowa zuwa sabuwar duniya, mai ƙofofi 12, da kogi, da itacen rai. Birnin ba shi da ɗakin ibada, ba ya kuma bukatar hasken rana, saboda Allah da kansa yana tare da mutanen. Wasunsu na ɗaukar wannan siffa yadda take, wasu na cewa misali ne na abin da harshe ba zai iya faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar aure. A Linjilarsu an kawo wa Yesu tambayar macen da ta auri ƴan'uwa bakwai ɗaya bayan ɗaya: matar wa za ta zama a lahira? Amsar da suka ruwaito ita ce aure ba ya ɗorewa bayan tashin matattu. Don haka in ka ji Kirista na maganar ni'imar sama, ba abinci ko aure ne a gabansa ba, ganin Allah ne da zama kusa da shi. Manyan malamansu sun daɗe a kan wannan, tun daga Agustin, wanda ya rasu a shekara ta 430 a garin da yau ake kira Annaba, nan maƙwabciyarmu Aljeriya. Malamin Musulmi da ya ji wannan zai tuna cewa a wajen malaman Sunna ma ganin Ubangiji ne mafificiyar ni'imar Aljanna. Ban ce abu ɗaya ba ne. Su a wajensu hanyar shiga ita ce Yesu Almasihu da mutuwarsa da tashinsa, mu kuwa ba haka muka yi imani ba, kuma ba na neman kowa ya share wannan bambanci.

Su kansu ba baki ɗaya suke ba. Katolika na cewa akwai wani halin tsarkakewa da wasu ke bi kafin su shiga sama, shi ya sa suke yi wa mamatansu addu'a, musamman ranar 2 ga Nuwamba. Furotesta sun ƙi wannan tun ƙarni na 16. A wajensu mai imani yana mutuwa yana tare da Ubangijinsa, don haka ba su cika yi wa mamaci addu'a ba, masu rai suke yi wa. Majami'un da suka samo asali daga mishan ɗin SIM, wanda ya buɗe asibitin Galmi a 1950, a wannan ɓangare suke. Akwai kuma ƴan Adibantis masu cewa mamaci barci yake yi har ranar tashi. Wannan ba ilimin ado ba ne: shi zai sa ka san irin gaisuwar da za ka yi in ka shiga gidan makoki.

Sai maganar ƙananan yara, wadda ita ce ta shafi ajin nan. Furotesta da yawa na cewa jaririn da ya mutu yana cikin rahamar Allah. A 2007 wani kwamitin malaman Katolika a Vatikan ya fitar da bayani cewa akwai dalilin sa rai da ceton jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba. A ɓangarenmu ma malamai da dama sun tafi a kan cewa yaron da bai balaga ba ba a azabtar da shi, ko ɗan wane ne, wasu kuma suka ce a bar wa Allah sani. Ashe yaron da ya yi waccan magana ko addininsa bai faɗa daidai ba. Abin da ya ji a bakin manya ya maimaita.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: lakwal ba wurin koyar da aƙidar wasu ba ce, kuma yaron da bai gama sanin nasa ba bai kamata a cika masa kai da na wasu ba. Na yarda da su. Ba darasi nake nema a ƙara wa yara ba. Malamin nake so ya sani, kamar yadda muke so ya san yaron da ke fama da amosanin jini ba tare da ya zama likita ba. Sanin abin da mutum ya yi imani da shi ba yarda da shi ba ne. Kuma wanda ya ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u, ya san cewa da yawa daga cikin matasan da suka fita ranar sun taɓa zama a gaban irinmu.

Ɗalibin nawa ba ya bukatar yin wa'azi a ranar. Da ya ajiye alli, ya ce wa yaron hukuncin lahira na Allah ne, ba na ɗan CM1 ba, sannan ya matsa kusa da yarinyar ya ce ya san a gidansu suna sa rai ƙanenta yana wurin da babu kuka, da ya gama aikinsa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma bar addininsa ba.

Tun daga lokacin nakan ware awa ɗaya a shekara in kawo wa ɗalibaina wannan labari, in tambaye su me za su yi. Bana wata ɗaliba, Kirista, ta ɗaga hannu ta ce ita ma ba ta san abin da za ta ce wa yaron Musulmi da ya rasa uwarsa ba. Sai ajin ya juya yana yi mata bayani, har muka cinye lokacin darasin da ke biye.