Gidan Tarihin Mota: Na Wa, Kuma Don Wa?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwananmu da teburan masu shayi na bakin ƙofar jami'a, wadda ya kamata a fito da ita fili a tattauna. Wani zai zaro waya ya nuna hoton taron ƙungiyar masu tsofaffin motocin gudu a Ingila. Ga ƙananan motoci masu kujera biyu, marasa rufi, jajaye da korra, an jere su bisa ciyawa a gaban gidan tarihin motoci, ga dattawa masu furfura suna shafa su da ƙyalle kamar mai shafa angarman doki ranar hawan salla. Sai a yi ajiyar zuciya a ce, "Ka ga mutanen da suka san darajar abu, mu kam sai dai Allah ya kyauta." Daga nan sai wani ya ce ai abin da ya rage shi ne 'ya'yan masu hali na Kano da Abuja su kafa irin wannan ƙungiya, gwamnati ta ba su fili da rumfa, shi ke nan mun waye. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin duk wanda ya faɗi haka hoton ya kalla, bai fahimci abin da ke cikinsa ba.

Bari mu fara da abin da ake sha'awar. Gidan tarihin motoci na Beaulieu, a kudancin Ingila, ya samo asali ne a 1952, lokacin da Lord Montagu ya jere motoci biyar a zauren gidansu don tunawa da mahaifinsa, sa'an nan a 1972 aka mai da shi gidan tarihin motoci na ƙasa. Akwai wani a Gaydon da aka buɗe a 1993, inda aka tara motocin da masana'antun ƙasar suka ƙera, tare da zane-zanen injiniyoyi da littattafan da aka rubuta lambar kowace mota ran da ta fito daga masana'anta. A irin waɗannan wurare ne ƙungiyoyin ke haɗuwa. Ɗauki ƙungiyar masu mota ƙirar MG, wadda aka kafa tun 1930. Hedkwatarta tana garin Abingdon, dab da inda masana'antar motar take kafin a rufe ta a 1980. Samfurin nan MGB, wanda aka fi gani a hotunan, an ƙera fiye da guda 500,000 tsakanin 1962 da 1980. Da aka rufe masana'antar ba a sayar da ƙarafan da ake buga bodin motar da su a kilo ba. An neme su an adana, har a 1988 aka sake soma buga sabon bodi da su, domin wanda tasa ta ruɓe ya samu abin sauyawa.

To, me aka gani a nan? Mutanen da ke taruwa a ciyawar nan jikokin waɗanda suka ƙera motar ne, wasu ma da hannunsu suka ɗaura mata kusoshi suna samari. Abin da suke adanawa sanin yadda aka yi ta ne, kuma da za a kwashe zanen da littattafan da tsofaffin makanikai, abin da zai rage tsohon ƙarfe ne mai fenti. Kuma kada kowa ya ruɗe ku da cewa taron murna ne zalla. Rabinsa zaman makoki ne da aka yi wa kwalliya, domin sunan MG kansa ya koma hannun kamfanin ƙasar Sin tun 2005, Triumph kuwa an daina ƙera mota da sunanta tun 1984. Ingilishi ya rasa masana'antar, amma ya ƙi yarda ya rasa labarinta.

Yanzu ku gaya mini, in wani ɗan attajiri ya biya kuɗin ƙetare aka sauke masa tsohuwar Jaguar ta 1961 a tashar jirgin ruwa ta Ikko, ya ɗora ta a tirela har Kano, ya ajiye ta cikin rumfar da gwamnati ta gina, tarihin wa ya adana? Ba kakansa ya zana ta ba, ba ta taɓa ɗaukar buhun gero ba, ba ta taɓa kai mai naƙuda asibiti ba. Shaidar da za ta iya bayarwa guda ɗaya ce tak, watau mai ita yana da kuɗi, wannan kuwa mun riga mun sani. Ba na hana kowa kashe dukiyarsa inda ya ga dama, in dai ta halal ce. Abin da nake ƙi shi ne a kira wannan wayewa, a kuma nemi filin jama'a da kuɗin jama'a a yi masa gida.

In ana son misali daga Turai, ni ga wanda zan zaɓa. A garin Mulhouse na ƙasar Faransa an yi wasu 'yan'uwa biyu, Hans da Fritz Schlumpf, masu masaƙun ulu. Shekara da shekaru suna sayen tsofaffin motoci masu tsada, musamman Bugatti, suna ɓoyewa cikin wani ɓangare na masaƙar, ma'aikata kuwa suna jan zare ba su san inda riba ke tafiya ba. A 1976 masaƙun suka durƙushe, 'yan'uwan suka tsere Suwizalan. A watan Maris na 1977 ma'aikata suka kutsa cikin ginin, suka tarar da motoci fiye da 400 a jere ƙarƙashin fitilu kamar fadar sarki. Sun zauna a wurin kusan shekara biyu, suka buɗe wa jama'a ƙofa, suka raɗa masa suna gidan tarihin ma'aikata, domin sun ce da guminsu aka saye su. Daga baya gwamnati ta hana a fitar da motocin daga ƙasar, a 1982 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi na ƙasa. Duk lokacin da kuka ga mota mai sheƙi a bayan igiya, ku tambayi abin da masaƙan Mulhouse suka tambaya: kuɗin wa?

Mu kuwa muna da namu tarihin mota, kuma ya fi nasu jini a jika. Ni mutumin Nariya ne, a ƙasar Kibiya, maƙwabtan Rano. A wajenmu in aka ce tsohuwar mota, ba wanda zai tuna da mai kujera biyu. Za a tuna da Bedford da Austin masu bodin katako, waɗanda suka kwashe gyaɗar ƙauyukanmu zuwa Kano har aka tayar da dalar gyaɗar da ake buga hotonta a littattafan makaranta, alhali ba a taɓa buga hoton direban ba. Za a tuna da roka, Marsandin nan mai dogon hanci, wadda ke ɗaukar hatsi da shanu zuwa kurmi ta komo da goro da manja. Za a tuna da a-kori-kura, wadda ran kasuwa takan ɗauki mutum da akuya da buhu da tabarma a lokaci guda, ta ratsa hanyar da ruwan damina ya cinye, in ta kafe fasinja su sauko su tura. Da aka gina madatsar ruwa ta Tiga daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka buɗe noman rani a Kadawa da kewaye, waɗannan motoci ne suka fitar da tumatir da alkama da shinkafa. Kowace tana da kirarin da aka rubuta a goshinta ko a bayanta, da zanen da mai fenti ya yi mata, da bodin da kafinta ya haɗa a nan ƙasar da katakonmu. Mawaƙanmu sun gane darajar wannan duniya tun kafin masana su farga. Mamman Shata ya wasa direbobi, Ɗan Maraya Jos kuma ya yi waƙa sukutum a kan karen mota. Ina gidan da za ka kai ɗanka ka nuna masa motar da karen motan yake lilo a bayanta? Babu.

Har ila yau mun taɓa ƙoƙarin harhaɗa mota a ƙasar nan, kuma ba wasa aka yi ba. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Ibadan, ta Marsandi a Inugu, Steyr a Bauci, da ta manyan motocin Fiat a nan Kano. Ta Kaduna ta soma aiki a 1975, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan motar daga Lyon a sauke a filin jirgin Kano, sa'an nan a wuce da su Kaduna. Wannan kaɗai ya isa darasi ga mai karatun tattalin arziki, domin ya nuna ɗauri muke yi, ƙira tana can. Duk da haka Fijo 504 ta zama tamu da gaske. Gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta sa manyan ma'aikata su sauko daga manyan motoci su shiga ita. Ita ce motar sakatare, ita ce tasi, ita ce doguwar da ke ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri. Masu son gudu ma su sani cewa 504 ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin da za su wargaza MG kafin azahar. An daina yin ta a Faransa, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Sa'an nan faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta karya masana'antun, muka koma jiran kwancen Turai ta hanyar Kwatano. Tashi da faɗuwar wannan yunƙuri shi ne babban labarin masana'antu na zamanin iyayenmu, kuma ana iya ba da shi da motoci goma a rumfa guda.

Mota ɗaya da kowa ya sani a gidan tarihi a ƙasar nan ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976. Tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Ikko, da ramukan harsashi a jikinta. Dubi yadda mutane ke tsayawa gabanta su yi shiru. Ba tsadarta ke tsayar da su ba, don ba wata mota ce ta a zo a gani ba, abin da ya faru a cikinta ne. Ashe mun san mota tana iya zama shaida, sai dai mun ɗauka sai an kashe shugaba a cikinta tukuna. A Jos an adana ragowar ƙaramin jirgin ƙasan nan na Bauci wanda ya daina aiki a 1957. A Kano muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, da sulke da takubba da kayan saƙa, duk abin yabo ne, amma sai ka ce tarihin Kano ya tsaya ran da doki ya ga mota.

Ina motocin suke tafiya? Kowa ya sani. 'Yan gwangwan suna bi ƙauye ƙauye da sikeli, su yanka tsohuwar roka da wuta, su loda ta a tirela zuwa inda ake narka ƙarfe a mai da ita rodi. Ban ga laifinsu ba, neman abinci suke yi, mai motar ma da ya sayar yana da 'ya'yan da zai ciyar. Laifin yana kan masu biro. A nan nake magana da ku, 'yan'uwa da kuka riga mu fita kuka kama aiki a ma'aikatu da ƙananan hukumomi. Ku ne ke rubuta jerin motocin da za a yi gwanjonsu. Ku ne ke wucewa kullum ta gaban tsohuwar motar asibiti ko Landiroba ta malamin gona da ta zauna bisa duwatsu a bayan sakatariya, kaji na ƙwai a cikinta. Ran da aka ce a share fili, ku ne za ku sa hannu, a haɗa ta da littafin tafiye-tafiyenta a watsar, ba wanda zai ce a ware guda ɗaya.

Na san abin da za a ce. Za a ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mutumin Nariya yana lissafi kafin ya hau mota zuwa Rano, kai kuma kana zancen gidan tarihi. Mai neman abin buɗa baki ina ruwansa da tsohuwar Bedford? Maganar tana da nauyi, kuma da ita ce ma nake ƙin a kashe ko kwabo a kan rumfar 'ya'yan gata. Amma abin da nake nema ba ya cin kuɗin da ake zato. Motocin na gwamnati ne tun asali, filin ma akwai shi. Masu gyaran suna nan da ransu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, dattawan da in an kunna injin Fijo suka saurara za su gaya maka ciwonta kafin a buɗe bonet, waɗanda suka yi shekaru suna ƙera abin da babu shi a kanti daga abin da aka yar. Su ne injiniyoyin da ƙasar nan ta samu ba tare da ta biya kuɗin karatunsu ba, kuma kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu da abin da suka sani. Ɗalibinmu na injiniya yana zana giyar mota a allo, bai taɓa kwance ta ba, tsohon da zai nuna masa kuwa yana tazarar kuɗin adaidaita sahu ɗaya daga ajinsa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda dokar 1979 ta ɗora wa wannan nauyi, a nemi cewa kafin a yi gwanjon motocin kowace ma'aikata a bar masanin tarihi ya duba jerin, ya ware abin da ya cancanci ajiya tare da takardunsa. Sashen tarihi da sashen Hausa su tura masu rubuta kundin kammala digiri tashoshin mota da garejoji, su ɗauki muryar tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da masu fentin bodi, maimakon a yi ta maimaita batutuwan da aka tatse tun zamanin malaman malamanmu. Sashen injiniya kuma ya nemi 504 guda ɗaya haɗin Kaduna, ko da ba ta tashi, ya ɗauko bakanike daga Ƙofar Ruwa a biya shi kamar yadda ake biyan malami mai ziyara, ɗalibai su tayar da ita da hannunsu. Wanda zai je gida hutun nan, a Rano ne ko Kibiya ko Bunkure, ya zagaya bayan tasha da bayan sakatariya, ya rubuta ƙirar duk tsohuwar motar da ya gani da lambarta da inda take, ya kawo wa ofishin mujallar nan kafin mai sikeli ya riga shi.