Cutar Saluɓar Fata da Haƙƙin 'Yan Kaɗan a Kan Masu Yawa

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin mutane masu hankali, waɗanda ba a tuhumarsu da ƙeƙashewar zuciya, duk sa'ad da labari ya zo cewa likitocin Turai ko na Amurka sun zuba dukiya mai yawa wajen neman maganin wata cuta wadda ba kasafai ake ganinta ba. Sukan ce, mene ne fa'idar a ƙarar da shekaru talatin da miliyoyin daloli a kan ciwon da ba ya kama sai jariri 1 cikin 50,000, alhali kuwa zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa suna ɗibar 'ya'yanmu kullum safiya? Maganar tana da nauyi, ban kuwa raina ta ba, amma ina ganin akwai kuskure a cikinta, kuma babu abin da ya fi bayyana wannan kuskure irin cutar nan ta gado da likitoci ke kira efidamolisis bulosa, wadda zan riƙa ce mata cutar saluɓar fata.

Fatar ɗan Adam, wadda muke gani abu guda, a haƙiƙa hawa biyu ce, na sama da na ƙasa, kamar babbar riga da shafinta, kuma Ubangiji cikin hikimarSa ya ɗinke su da waɗansu zarurruka ƙanana waɗanda ido ba ya riskarsu sai da madubin likita mai ƙarfin gaske. Jiki ne da kansa yake saƙa zarurrukan nan bisa umarnin da ke rubuce cikin ƙwayoyin gado da yaro ya karɓa daga uwa da uba. In kuwa aka sami tangarɗa ko da a harafi ɗaya na wannan umarni, sai ɗinkin ya zo da rauni ko a rasa shi ɗungurum, ta yadda 'yar gugar da ba ta isa ta dami lafiyayye ba, ta bakin wuyan taguwa ko ta hannun mai ɗauka, za ta raba hawa biyun nan, ruwa ya taru tsakani, bororo ya tashi, ya fashe, ya bar ɗanyen miki. Likitoci sun kasa cutar gida huɗu gwargwadon zurfin inda fatar ke rabuwa; ga uku daga cikinsu. Mafi yawa ita ce mai sauƙi, wadda takan tsaya ga tafin hannu da na ƙafa, ta tsananta da zafi, mai ita kuwa ya rayu har tsufa. Akwai wadda in ta zo da ƙarfinta da wuya jariri ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma wadda ke faruwa saboda rashin wani sinadari mai suna kolajin na 7, ita ce mai barin tabo bisa tabo har yatsu su manne su dunƙule, maƙoshi ya tsuke tuwo ya gagara haɗiya, jini ya ƙaranta, daga bisani sankarar fata ta biyo baya; ƙididdigar da aka yi a Amurka ta nuna cewa cikin masu nau'in nan mafi tsanani, kimanin kashi 90 cikin 100 sankarar kan same su kafin su kai shekara 55.

Wanda yake so ya san nauyin wannan jarrabawa, ya dubi aikin uwar yaron. Ba ta goya shi yadda mata suka saba, domin ɗaurin majanyi kaɗai ya isa ya saluɓe masa baya da cinyoyi. Ba ta cira shi ta hammata. Sai ta mirgina shi a hankali, ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu ɗaya ƙarƙashin wuya, ko ta ɗauke shi tare da matashin da yake kwance a kai. Rigarsa a bai-bai ake sa masa don kada ɗinki ya goge shi, filasta kuwa haramiyarsa ce, saboda in aka ɓamɓare ta da fata take tahowa. Kowane bororo da ya tashi sai ta huda shi da tsabtatacciyar allura ta tsiyaye ruwan, ta bar fatar saman a wurinta, gama in aka ƙyale shi faɗi zai yi ta yi. Sa'an nan ga wanka da canjin bandeji, wanda yakan ci sa'o'i, a jiƙa tsohon a ruwa mai ɗan gishiri don rage raɗaɗi, a zare shi sannu sannu yaro yana tsala ihu a hannun wadda ta fi kowa ƙaunarsa, gobe ko jibi kuma a maimaita, haka har iyakar rayuwa.

Wani likita Bajamushe, Heinrich Koebner, shi ya raɗa wa cutar suna a 1886, amma aka shafe fiye da shekara ɗari babu abin da ke hannun likitoci sai sunan da bandeji. Ba na raina wannan mataki na farko, domin rarrabe cuta daga 'yar'uwarta shi ne mabuɗin ilmin likitanci tun zamanin Abubakar al-Razi, wanda ya bambance agana da ƙyanda. A 1978 wata mata a Ingila, Phyllis Hilton, wadda 'yarta ke fama da ciwon, ta tara iyaye irinta suka kafa ƙungiyar DEBRA, wadda ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama tana tara kuɗin bincike. Sai a 1991 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa nau'in mai sauƙi, ba da daɗewa ba aka gano ta kolajin na 7. A 1997 kuma Marcel Jonkman na Groningen a ƙasar Holan ya bayyana wani abin al'ajabi: a jikin waɗansu majinyata akan sami 'yan filaye na lafiyayyar fata, inda ƙwayoyin jikin suka gyara kuskuren gadon da kansu ba tare da hannun kowa ba. Wannan ya zama ishara ga masu bincike cewa gyaran mai yiwuwa ne, saura su nemi sababinsa.

Wanda ya fi kowa naci a kan wannan hanya shi ne Michele De Luca na Modena a Italiya, wanda tun a 2006 ya ba da rahoton dashen gyararriyar fata a ƙafafun wani majinyaci. Amma al'amarin da ya girgiza duniyar likitanci ya auku ne a watan Yuni na 2015, lokacin da aka kai wani yaro ɗan gudun hijirar Siriya mai shekara 7, mai fama da wannan cutar, sashen masu ƙuna na asibitin yara a birnin Bochum na Jamus, ƙwayoyin cuta sun shiga mikinsa sun cinye kimanin kashi 60 cikin 100 na fatar samansa. An gwada magunguna, an gwada dasa masa fatar mahaifinsa jiki ya ƙi karɓa, har likitoci suka fara shawarar a sauƙaƙa masa raɗaɗi kawai a jira hukuncin Allah. Da suka tuntuɓi De Luca, sai aka yanki ɗan ƙyallen fata mai faɗin santimita murabba'i 4 daga inda ya rage da lafiya, aka kai Modena, aka shigar wa ƙwayoyinsa ingantacciyar ƙwayar gadon da ya rasa ta hanyar wani bairos da aka cire wa dafi, aka rene su a ɗakin gwaji har suka zama shimfiɗun fata da suka kusa mita murabba'i guda. Cikin tiyata uku, a Oktoba da Nuwamba na 2015 da Janairu na 2016, aka lulluɓe kashi 80 cikin 100 na jikinsa da fatarsa ta kansa. A Fabrairu aka sallame shi, ya shiga makaranta, ya buga ƙwallo da tsaransa, kuma rahoton da aka fitar bayan shekara biyar ya tabbatar fatar tana nan da ƙwarinta.

Ba kowace hanya ce ta ɓulle haka ba. A Jami'ar Minnesota an gwada dashen ɓargo, aka ba da rahotonsa a 2010. Waɗansu yara sun sami sauƙi, waɗansu kuwa sun rasu a cikin gwajin, kuma wajibi ne a riƙa tuna su da iyayensu duk lokacin da ake lissafin nasara. A watan Mayu na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, wani man shafawa da ake ɗiga wa miki mako mako, wanda ke ɗauke da ƙwayar gadon kolajin na 7 a cikin bairos ɗin nan mai fesar da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, bayan an raunana shi. A gwajin da aka yi da mutum 31, kashi 67 cikin 100 na mikin da aka shafa wa maganin sun rufe sarai bayan wata shida, alhali a waɗanda ba su samu ba kashi 22 ne kawai. Ba ya raba mutum da cutar, sai an dawwama a kansa. Bayansa aka amince da Filsuvez, wanda ake tatsa daga ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi, sa'an nan Zevaskyn a 2025, shi kuma dashen gyararriyar fata ne.

To, ga amsata ga masu waccan magana. Malamanmu, ciki har da Imam al-Gazali, sun lissafa ilmin likitanci cikin farali na kifaya, watau wajibin da in waɗansu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ban kuwa ga inda aka shardanta cewa sai masu ciwo sun kai adadi kaza kafin wajibin ya tabbata ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma jaririn da ya zo ɗaya cikin dubu hamsin bai zaɓi ya zama shi kaɗai ba. Ko da a ce babu wata riba sai shi, da ya isa hujja. Amma akwai riba, domin ilmi ba ya tsayawa inda aka haƙo shi. Dabarar renon fata a ɗakin gwaji, wadda Howard Green da James Rheinwald suka fito da ita a 1975, masu ƙuna ta fara ceta kafin ta iso ga yaron Bochum. Shi kuma yaron, da aka bi diddigin sabuwar fatarsa, sai ya warware wata mas'ala da masana suka daɗe suna saɓani a kanta, aka tabbatar cewa waɗansu 'yan tsirarun ƙwayoyi masu dogon rai ne suke sabunta fatar mutum duka. Kuma wannan fanni na gyaran ƙwayar gado shi ne ya haifar da magunguna biyu na ciwon sikila da aka amince da su a Amurka a Disamba 2023, ciwon da ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya.

Inda nake tare da masu ƙorafi, har ma na fi su zafi, shi ne wajen farashi. Kwalba ɗaya ta Vyjuvek an sa mata dala 24,250, kamfanin da kansa ya ƙiyasta majinyaci zai ci fiye da dala 600,000 a shekara. Zevaskyn dala miliyan 3.1 ne, ɗaya daga magungunan sikilar nan kuwa dala miliyan 2.2. Na san bincike yana cin kuɗi, na kuma san dokar da Amurka ta kafa a 1983 don kwaɗaitar da kamfanoni su kula da cututtukan da ba su da kasuwa ta yi amfani ƙwarai. Amma iyaye ne suka tara sadakar da aka fara aikin da ita, jami'o'in gwamnati ne suka yi shekaru suna haƙa, yara ne suka ba da fatarsu, waɗansu da rayukansu. Saboda haka ban yarda cewa faralin ya sauka daga wuyan al'ummar duniya ba matuƙar maganin yana tsaye a ƙofar masu inshorar ƙasashe ƙalilan. Magungunan ƙanjamau ma da haka suka fara, sai da aka yi ta matsa lamba kafin farashinsu ya karye su iso Afirka, kuma wajibi ne gwamnatocinmu su shiga irin wannan ciniki tun yanzu.

Sai dai akwai kason da yake namu, wanda ba ya jiran dala ko ɗaya. Cutar nan ba ta san iyakar ƙasa ko launin fata ba, zafin ƙasarmu kuwa yana ƙara mata ƙarfi. Ya kamata a koya wa ungozoma da ma'aikatan asibitin karkara cewa jaririn da aka haifa da saluɓaɓɓiyar fata a ƙafa, ko wanda bororo ke tasar masa duk inda aka taɓa, ba a dirje shi da soso, ba a yi masa gashi da ruwan zafi, ba a manna masa filasta, ba a kai shi ga wanzami don cire beli ko tsaga. A shafa basilin a bandeji mai tsabta a rufe mikin, a garzaya da shi babban asibiti. Ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su haɗa littafi guda su riƙa rubuta kowane yaro da suka gani, domin masu bincike da masu rarraba magani ba sa zuwa sai inda aka ƙidaya majinyata.

Sa'an nan a gaya wa iyaye gaskiya cikin lalama. Nau'o'in nan masu tsanani galibi irin gadon sikila gare su: uwa da uba kowannensu lafiyayye ne amma yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da ciwon. Auren zumunci halal ne, yana kuma da alherinsa, amma yana ƙara yiwuwar masu ƙwaya iri ɗaya su haɗu, gwajin jinin da ake yi kafin aure, irin wanda Jihar Kano ta wajabta a 2024, kuwa ba ya gano wannan; don haka dangin da aka taɓa haifar irin wannan jariri a cikinsu su nemi shawarar likita kafin su sake ƙulla aure a tsakaninsu. Likita ko malamin unguwa ya tara maƙwabta ya shaida musu cewa ciwon ba ya yaɗuwa, a ci abinci da yaron a kwano ɗaya, kuma ba sammu ba ne, ba maita ba. Ya kuma zaunar da dangin miji, tun kafin su fara yi wa matar gori ko su zuga a sake ta, ya bayyana musu cewa a irin wannan gado rabin abin daga ɗansu ya fito.