Ba kwan fitila ba ne, tsatsa ce

1/ Jama'a, yawo da mota mai ido ɗaya a hanyar Dayi zuwa Malumfashi da daddare ba talauci ba ne, sakaci ne. Ni ma na yi.

2/ Daminar bara kwai uku na canza wa Golf ɗina, fitilar hagu na ta kawowa tana ɗaukewa. Da mai wayarin ya zare soket, sai ga shi ya yi kore shar, wayar da ke ɗaure jikin bodi duk tsatsa.

3/ Ruwa da laka ke shiga bakin waya, wuta ta kasa wucewa sosai. Batir volt 12 ne kacal. Kaɗan ya salwanta a hanya, haske ya dushe, soket ya yi zafi har ya narke.

4/ Mai tahowa kuwa zai ɗauka mashin ne, ya matso maka. Ga motocin masara cike da hanya in kaka ta yi.

5/ Don Allah kafin ka sayi kwai, a kankare bakin wayoyin, a ɗaure tam, a shafa giris. Aikin minti kaɗan ne. Allah Ya kiyaye hanya.