Kafin Ki Saya wa Ɗanki Jirgin Sama Mai Rimot



Yaron da jiya yake ƙera mota da karan dawa, yau ya ga bidiyon jirgin wasa mai rimot yana alkafura a wayarki, ya hana ki sakat. Kada ki kashe masa gwiwa. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan Zariya tun 1964, kuma 'ya'yan mutane ne ke shigarta. Sai dai jirgin da ya fi burge shi ba shi ya dace ya fara da shi ba.

Zai nuna miki mai kama da jirgin yaƙi. Irin wannan gudu gare shi, kafin yaro ya gane dama da hagu ya daki ƙasa, kuɗinki sun bi ruwa. Ki nemi wanda fiffikensa ke saman gangar jikinsa. Nauyinsa na rataye ne a ƙasa, don haka in ya karkace shi ke daidaita kansa. Jikin ya kasance na farin soson nan marar nauyi, dangin wanda ake tokare sabon firji da shi a kwali, wanda in ya karye gam zai ɗinke shi.

Ki duba kwalin. In an rubuta 3CH, zai tashi, ya sauka, ya yi kwana. In 4CH ne, akwai 'yan marafai a bayan fiffiken da ke sa shi mirginawa. Ki ɗauki 4CH mai maɓallin 'yan koyo, wanda ke hana shi kifewa. Idan hannun yaron ya faɗa, sai ya sauya maɓallin, ba sai an sake sayen wani ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Ki haɗa da farfela ta canji da batir na biyu, domin ɗaya ba ya wuce 'yan mintuna.

Batirin ba ya son zafi. Kada a bar shi a rana, kada a sa caji a kan katifa a kwanta barci. Wanda ya kumbura, a daina amfani da shi.

Sai babbar magana gare mu mutanen Dauran, Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta sanar da hana shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma tun 2016 hukumar NCAA ta ce sai da izini ake tayar da jirgi marar matuƙi. A nan duk abin da ya gifta sama sai an ɗaga kai da fargaba, ana iya ɗaukar abin wasan ɗanki a matsayin na leƙen asiri. Ki guji mai kyamara. Kafin ma a saya, maigida ya je wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda ya ji ta bakinsu. In sun ce a'a, a haƙura, yaron ya ci gaba da koyo da manhajar tuƙin jirgi a waya.

In sun amince, to filin makaranta na cikin gari, da safe kafin iska ta taso, tare da babban mutum. Ki ja masa kunne: in jirgin ya faɗa bayan gari, kada ya bi shi. Jirgi ana sayen wani.

Allah Ya raya mana su, Ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.