Ko Sankarar Mama Ta Bazu, Kada a Mayar da Mace Gida

 Edita, ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana mata da mazajensu.

Yayata ta ɓoye kullutu a mamanta kusan shekara guda, ana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Da muka kai ta asibiti a nan Abuja, hoto ya nuna ciwon ya kai ƙashin bayanta. Dangi suka ce a mayar da ita gida tunda babu warkewa. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, "Hajiya, rabuwa da shi baki ɗaya ya wuce, amma za mu danne shi, mu kashe raɗaɗin, ki ci gaba da hidimar 'ya'yanki."

Da farko ya sa aka ɗebi 'yar tsoka daga kullutun aka kai gwaji. Ashe sankarar mama iri-iri ce. Akwai wadda sinadarin jikin mace ke ciyar da ita. Ita wannan, ƙwaya ake sha kullum, tamoxifen ko letrozole. Akwai mai alamar HER2, da ake wa allurar trastuzumab mai tsadar gaske. Wadda ba ta da ko ɗaya, sai ruwan kemo, galibi duk mako uku. Ta Yaya irin ta farko ce. Aka gasa ƙashin da na'ura, irin wadda ke Asibitin Ƙasa, aka haɗa mata da allurar ƙarfafa ƙashi da ruwan morphine. Mun ji tsoron morphine, muna zaton na masu jiran ajali ne, amma da shi ta fara yin barci. Yau tana salla a tsaye, alhamdu lillahi.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata sama da 32,000 suka kamu da wannan cuta a Najeriya a 2022, kuma yawancinsu sai ta yi nisa suke zuwa asibiti. Tun 2021 gwamnatin tarayya ke da asusun tallafa wa marasa hali masu sankarar mama, amma a layin ganin likita ban haɗu da mace ko ɗaya da ta san da shi ba. Ina roƙon cibiyar NICRAT mai kula da sha'anin sankara ta riƙa shelarsa a rediyo da Hausa, ta kuma sauƙaƙa kuɗin gwajin tsokar nan, domin a kansa likita ke zaɓen magani, a kansa kuma iyalai da dama ke juyawa gida.

Wassalam.
Mai karatunku daga Kubwa, Abuja.