Bayan Janyewar Ruwa: Wajibcin Binciken Lafiyar Gine-ginen da Ambaliya ta Shafa

A daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya malale sassa da yawa na birnin Maiduguri. Ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya kuma kayar da katangar gidan gyaran hali har fursunoni fiye da 270 suka tsere. Rabon birnin da ganin irin wannan ibtila'i tun 1994. An yi ceto, an raba abinci da tabarmi, sannan a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Duk wannan ya dace. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba a duk inda aka yi ambaliya: gidan da ruwa ya kwana a cikinsa, ya fita ya bar shi a tsaye, wa ya tabbatar da cewa zai ci gaba da tsayuwa?

A al'ada, kwamitin da akan kafa bayan ambaliya ƙidaya yake yi domin rabon tallafi: gida nawa ya rushe gaba ɗaya, gida nawa ya rushe rabi. Gidan da bai faɗi ba kuwa, sai a ɗauka ya tsira, mai shi ya kwashe taɓo, ya shanya katifa, ya mayar da iyalinsa. A nan haɗarin yake. Ya kamata binciken injiniya ya zama wani rukuni na agajin gaggawa, a yi shi kyauta kuma cikin hanzari, kafin a ce wa kowa ya koma ɗakinsa ya kwana.

Dalili na farko shi ne, mafi yawan ɓarnar ruwa a ɓoye take. Ruwa mai gudu yana kwashe ƙasar da ke gefen harsashin gini da ƙarƙashinsa, ya bar rami, daga baya laka ta rufe bakin ramin. Ruwan da ya kwanta kuma yana jiƙa ƙasa har ta rasa ƙarfin ɗaukar nauyi, wani sashe na ginin ya nutse fiye da wani. A wuraren da ake da baƙar laka mai kumbura, irin wadda ta yawaita a yankin Tafkin Chadi, ƙasa takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan rani ya shigo, harsashin yana bin ta sama da ƙasa. Saboda haka ne bango kan tsage watanni bayan kowa ya manta da ambaliyar. Ramin masai da tsohuwar rijiya su ma sukan burma su ja bangon da ke kusa da su.

Nauyin ruwan kansa ma ba abin rainawa ba ne. Idan ruwa mai zurfin mita ɗaya ya jingina da bango ta gefe guda, yana tura kowace mita ta tsawon bangon da ƙarfin da ya kai kusan rabin tan. Idan zurfin ya kai mita biyu, ƙarfin yakan ninka sau huɗu, ya kai kusan tan biyu. Bangon bulo an gina shi ne ya ɗauki nauyin da ke sauko masa daga sama, turi daga gefe kuwa ba ya jure masa sosai, balle bulon da aka tsuke masa siminti aka cika shi da yashi. Irin wannan bango yana iya gocewa kaɗan daga mazauninsa ba tare da ya faɗi ba, ya tsaya jiran iskar bazara. A ginin kankare kuma, danshi yana bin tsaga ya isa ga rodi. Rodin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki, ginshiƙi ya riƙa rauni a hankali.

Ginin ƙasa, wanda shi ne matsugunin talakawa da yawa a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, nasa ciwon daban ne. Tubali yana zuƙar ruwa daga gindi zuwa sama, gindin bango ya yi laushi alhali nauyin azara da ƙasar rufin soro na nan a kansa. Magina na da sun san wannan, shi ya sa suke ƙara wa gindin bango kauri, suna shafe da makuba ko laso, suna sabunta yaɓe kafin damina, suna kula da indararo. A yau an fi son shafe bangon ƙasa da siminti. Filastar siminti tana hana danshi fita, tana kuma ɓoye ɓarnar: daga waje bango sumul, daga ciki ya zama kunu. Masallacin tarihi na unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumbar 2024 bayan mamakon ruwan sama, a shekarar da Nijar ta sha fama da ambaliya.

Abin da ya faru a Zariya ya isa darasi a kan hatsarin jinkiri, ko da yake ba ambaliya ce ta jawo shi ba. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin birnin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta a kan masallata suna sallar La'asar, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an lura da tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi su gyara. An ga alama, an kuma yi niyyar gyara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙa'idar da ke cewa daga lokacin da aka ga irin wannan alama, a rufe wuri har masani ya duba. Idan haka ta faru da ginin da idon masarauta ke kansa, ina ga ɗakin gwauruwa a lungun da ruwa ya yi mako guda a cikinsa?

Binciken da ake magana a kai ba ya buƙatar manyan na'urori a matakin farko. Mai bincike yana zagaya gini daga waje kafin ya shiga, yana duba ko ƙasa ta zaizaye a gindinsa, ko bango ya karkata, ko rufi ya lotsa. Yana bambance tsagar filasta, wadda ba ta wuce fata ba, da tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko wadda ta bi layin bulo kamar matakala, domin waɗannan suna nuna harsashi ya motsa. Ƙofar da ta daina rufuwa shaida ce, haka daɓen da ya tsage ko yake amsa amo idan an ƙwanƙwasa. Ana iya ɗora ɗan siminti a kan tsaga a rubuta kwanan wata. Idan ya fashe bayan kwanaki, ginin bai daina motsi ba. Sai inda aka yi shakka ne ake zuwa mataki na biyu, a tona gefen harsashi, a gwada ƙarfin kankare da na ƙasa.

Akwai tsarin da aka jarraba a wasu ƙasashe. A Amurka, cibiyar injiniyoyi ta ATC da ke Kalifoniya ta fitar da jagorar duba gine-gine bayan girgizar ƙasa a 1989, sannan ta fitar da ta guguwa da ambaliya a 2004. Bayan ɗan gajeren bincike, akan liƙa wa gini takarda mai launi: kore na nufin a shiga, rawaya na nufin a shiga da sharaɗi, ja na nufin kada a shiga. Amfanin wannan tsari a ƙasar da mutane da yawa ba sa karatun boko a bayyane yake, domin launi ba ya buƙatar tafinta, ana kuma iya rubuta bayanin da Hausa da Kanuri, da boko da ajami.

Za a ce injiniyoyi ba su da yawa, gidajen kuwa dubbai ne. Gaskiya ne, amma aikin yana rabuwa. Nijeriya tana da hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi tun 1970, da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI tun 1978, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suna da sassan koyar da aikin injiniya na gine-gine. Ɗaliban shekarar ƙarshe da masu yi wa ƙasa hidima, idan aka horar da su aka ba su takardar tambayoyi iri ɗaya, za su iya zagayen farko a ƙarƙashin injiniya mai rajista, shi kuma ya keɓe lokacinsa ga makarantu da asibitoci da masallatai da benaye. A unguwannin ginin ƙasa, dole a tafi da Sarkin Magina da mutanensa, domin sun san halin tubali da azara fiye da wanda ya karanci kankare kaɗai. Tunda hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, babu hujjar jiran ruwa ya zo kafin a haɗa waɗannan ayari.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Talaka yana tsoron jan fenti a bangonsa, domin a saninsa alamar rusau ce. Wanda aka ce kada ya kwana a ɗakinsa, ba a kuma nuna masa inda zai kwana ba, zai cire takardar ya koma, kuma ba za a ga laifinsa ba. Don haka wajibi ne a raba binciken lafiyar gini da batun takardun fili da haraji, a kuma ɗaure jar takarda da haƙƙi: wurin zama na wucin gadi, da fifiko a tallafin kayan gini, da ranar da za a dawo a sake dubawa. Wajibi ne kuma a kare ɗan haya daga mai gidan da zai shafe tsaga da fenti ya ƙara kuɗi. Idan aka sa kuɗi a kan binciken, ko aka bar shi a hannun wanda za a iya saye, koriyar takarda za ta zama haja, ta fi rashinta illa.

Ambaliyar da ta auka wa Mokwa a jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ta nuna cewa abin bai tsaya a Maiduguri ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin madatsa ko gada. Abin da ake buƙata daga hukumomin agaji na jihohi da NEMA shi ne su rubuta a cikin tsarinsu cewa ba a rufe sansanin 'yan gudun ambaliya, ba a kuma buɗe makarantar da ruwa ya shiga, sai an duba gine-ginen da mutane za su koma. Jami'o'i kuma su fara horar da masu dubawar tun cikin rani.