Digiri a Hannu, Babur a Ƙofa: Shin Jami'a Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Makon jiya na je Serou gaisuwar yayana, na iske shi yana lissafin kuɗin kashun bana. Ɗansa ya ci bak, yana son tafiya jami'ar Parakou. Yayana ya dube ni ya ce: "Ƙanena, ka faɗa mini gaskiya, in tura shi ko in saya masa babur? Ga 'ya'yan mutane nan da lisans suna zemijan a Djougou." Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba gidansa kaɗai ake yin ta ba.

Kafin 2001, ɗan arewa da ke son digiri a ƙasar nan sai ya gangara Abomey-Calavi. Buɗe jami'ar Parakou a wannan shekara ya kawo karatu kusa da gida: likitanci, aikin gona, shari'a, tattalin arziki. Yara suka yi tururuwa, sai dai guraben aikin gwamnati ba su ƙaru daidai da su ba. Yawancin 'yan Benin har yau a kasuwa, gona da sana'ar hannu suke cin abinci, inda ba mai tambayar takarda.

Gwamnatin Patrice Talon ta ga wannan. A 2019 ta fara ɗaukar masu digiri a matsayin malaman wucin gadi, waɗanda ake kira AME, da farko ma wata 9 kawai ake biyansu a shekara. A 2020 ta fito da shirin PSIE, inda take biyan albashin matasa masu digiri a kamfanoni na wani lokaci. Sannan ta ce tana son kashi 70 cikin 100 na ɗalibai su koma makarantun fasaha da sana'a kafin 2030. Saƙon a fili yake: ba kowace takarda ce ke da kasuwa ba.

To amma shi baburin fa? Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2023 sefa dubu 52 ne, kuma ɗan zemijan mai ƙwazo yana iya wuce haka. Sai dai kuɗin babur ba ya girma da shekaru, ƙarfi ne kawai ke raguwa. Kasuwancin da muka gada tun zamanin fataken goro masu ratsa Djougou zuwa Gwanja shi ma ba shi da tabbas. Mun gani da idonmu bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da iyakar Malanville da Gaya ta rufe, manyan motoci suka tsaya cik, 'yan Zongo da yawa suka ci jarinsu.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga aljihu. Mace ta je asibiti ta tarar da ungozoma mai jin Hausa ko Dandanci, ta faɗi ciwonta ba kunya. Rigimar fili ta taso, a samu ɗan unguwa da zai karanta takardar Faransanci kafin dattijo ya dangwala yatsa. Mu da ba mu da yawa, in ba mu da mutanenmu a asibiti, kotu da ofishin magajin gari, wa zai faɗi kukanmu? Haka 'ya'yanmu da suka yi karatu a Azhar ko Madina: in ba su haɗa da Faransanci ba, ƙofar aikin gwamnati da wuya ta buɗe musu.

Abin da na ce wa yayana shi ne: tura shi, amma ku zauna ku zaɓi fannin da idon basira, kada a bi yarima a sha kiɗa. Yanzu gwamnati na matsa lamba a sarrafa kashu, waken suya da auduga a cikin gida, a masana'antun Glo-Djigbé. Yaron da ya tashi a gonar kashu, in ya karanci aikin gona, ko bai samu ofis ba, gonar ubansa tana jiransa. Lokacin hutu kuma ya kama wata sana'a.

Yayana ya yi shiru, can ya ce zai kira yaron su yi magana bayan sallar isha'i.